Ƙasa Biyu a Tsingaro Ɗaya

Tsingaron bai cika tafin hannuna ba.
Fari ne, siriri kamar ɓawon ƙwai,
da baƙin zanen wata dabba mai haƙora a waje.
Rabin wutsiyarta ya tafi da ɗaya ɓarin
da har yau ba a tono ba.
Daga wani kabarin dutse aka ɗauko shi, can sama da Recuay,
shekara dubu da ɗari biyar
yana gadin ƙasusuwan mai shi.

A Lima na kankare gefensa,
ɗan garin da tururuwa za ta iya sungumarsa.
Sai da na ba shi haƙuri.
Na'ura ta lashe garin, ta amayo lambobi:
ƙarfe kaza, siziyam kaza, toriyam, lantanam,
sunayen da in kakata ta ji
za ta ce 'ya'yan wane baƙo ne.

Wata huɗu ina bin tsaunuka da buhunan leda,
numfashi na yanke mini a kowace gangara,
jakin Don Fulgencio ya fi ni sanin hanya.
Ramin yumɓu arba'in da ɗaya na ɗiba.
Ko ɗaya bai amsa ba.
Na sha bakwai ya matso,
amma kama da wane ba ta wane.

Malamina ya ce, "Zenaida, daga nesa aka kawo shi.
Fatauci ne. Rubuta, mu wuce."
Alƙalamin ya ƙi.

Ranar Asabar na hau motar dare zuwa Taricá,
tsingaron cikin auduga, takardar izini a aljihu.
Na tarar da Kaka Eusebia bakin murhu
tana feren dankali, hularta a gwiwa.
Ta juya shi sau biyu, ta ƙwanƙwasa da farce,
kafin in ankara ta kai shi harshe.
"Kaka, kayan gidan tarihi ne!"

Ta yi dariyar da ta rage mata haƙora huɗu.
Da Kecuwa ta amsa, harshen faɗa da na addu'a:
"Wa ya ce miki da ƙasa ɗaya ake gina tukunya?
Farar nan taurin kai gare ta,
in ita kaɗai ta shiga wuta sai ta dare.
Sai an rarrashe ta da ta bakin rafi.
Tafi uku, tafi ɗaya.
Duk bokon nan, ba su gaya muku ba?"

Ba su gaya mana ba.

Muka kwaɓa na sha bakwai da na talatin
a kan fatar tunkiya, da ruwan ƙanƙarar da ke yanka yatsu.
Muka gasa da busasshiyar ciyawa da kashin shanu
har farin tsauni ya koma ja, ya koma toka.

Talata, ƙarfe uku da kwata,
ɗigogi suka fito a fuskar kwamfuta.
Nawa da nasa suka taru wuri guda
kamar tumaki in hadari ya haɗo.
Ɗigo ɗaya ya tsaya gefe, ya ƙi shiga.
Har yanzu ban san me yake nufi ba.
Wataƙila wani rafi ne da ya ƙafe.
Wataƙila abin da maginar ba ta faɗa wa ko 'yarta ba.

A rahoto na rubuta "mai yiwuwa",
don aikinmu ba ya rantsuwa.
Na sa sunan Kaka a layin godiya,
ta ce da sukari na sayo mata da ya fi.

Kafin in mayar da shi akwati mai lamba
na duba cikinsa ta gilashi.
Akwai shatin babban yatsa a inda wuyan ya lanƙwasa.
Na cire safar hannu, abin da aka hana.
Nata ya fi nawa faɗi kaɗan.